Saƙon Inna ga maƙerin Ka'akiyya

Tun da na dawo daga Umra, duk wanda ya zo yi mini barka da sauka sai ya ce in ba shi labari. In na fara kuma sai a kira salla, ko wani baƙon ya yi sallama, zancen ya tsinke. Abokan zamana na bakin masallaci har sun fara cewa rowa nake yi. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta, ni ma in huta.

Abin da yawancinsu ba su sani ba shi ne ba ibada kaɗai ta kai ni ba, har da aike. Mahaifiyata, Inna, tana da wa mai suna Idi, wanda ya bar gida tun tana yarinya. Gidansu gidan maƙeran bindiga ne, a wani ƙauye yamma da Funtuwa. Kawu Idi ya je yaƙin Bama, zamanin yaƙin duniya na biyu, ya dawo, ya yi kamar shekara biyu, suka saɓa da mahaifinsu, ya kama hanyar gabas a ƙasa. Da can alhazai kan kawo labarinsa, wani lokaci da darduma ko kwalli, daga baya labarin ya ɗauke. Da na yi ritaya daga koyarwa na ce zan tafi Umra, Inna ta kira ni ɗaki, ta kori jikoki, ta faɗa mini wata magana. Ta ce in yana raye in sa masa ita a kunne, shi kaɗai. In ya rasu in dawo mata da abarta.

Na tashi daga Funtuwa da hantsi a motar haya. Shekarar da aka fara yaƙin Yaman ce, mu ma nan gida ba zaman lafiya muke ba, saboda haka tsakanin Zariya da Kano shingen sojoji muka yi ta tararwa. A wani shingen aka ce kowa ya sauka da jakarsa. Sojan da ya buɗe tawa ya ga harami a naɗe, ya tambaye ni ina za ni. Da na faɗa masa sai ya mayar da kayan da kansa, ya ja zif, ya ce, "Baba, in ka je ka roƙa mana. Wata bakwai rabona da gida." Na ce in sha Allahu. Na manta ban tambayi sunansa ba, don haka da na je sai na roƙa wa sojan shinge.

Haramin nan shi ya fara ba ni kunya. A filin jirgi na Kano na bar shi cikin babbar jaka aka auna, ta wuce ciki. Sai da muka yi nisa a sama na ga mutane suna bin layin bayi suna fitowa da fararen mayafai, sannan na tuna. Wanda ke zaune kusa da ni, Alhaji Bature, dillalin hatsi ne, wannan ce Umrarsa ta takwas. Ya dube ni ya ce, "Malam, zuwan fari ne?" Ya ciro wani haramin daga jakar hannunsa ya miƙo mini. Ya ce kullum da biyu yake tafiya, don bai taɓa hawa jirgi ya rasa irina ba.

A Jidda na'urar ɗaukar zanen yatsa ta ƙi ni. Na ɗora, ta ƙi. Na goge a harami na sake ɗorawa, ta ƙi. Ma'aikacin ya kama hannuna ya juya shi, ya dubi yatsun, ya ce, "Mu'allim?" Na ce na'am. Ya yi murmushi, ya ɗiga mini wani mai, ya danna yatsana da ƙarfi sannan ta karɓa. Shekara talatin da biyar ina riƙe alli, ashe ya cinye mini zanen hannu ban sani ba.

Ba zan tsaya bayanin Ɗakin Allah ba. Wanda ya gani ya sani, wanda bai gani ba Allah Ya kai shi. Mun yi ɗawafi, mun yi sa'ayi, an yi mana aski, mota ta kai mu masauki a Aziziyya. Mu huɗu a ɗaki, kuma rigimarmu ɗaya ce, na'urar sanyaya ɗaki. Alhaji Bature yana son ta kamar firjin kifi, ni kuma gwiwoyina ba sa so. Muka daidaita a kan shi ya kwanta ƙarƙashinta, ni in koma bakin ƙofa da bargo biyu.

Da safe wake ne dakakke da suke kira ful, da wani faffaɗan burodi mai zafi, tamis. Da rana shinkafa da kaza, da yamma kaza da shinkafa. A kwana na uku cikina ya fara tambayar tuwo. Alhaji Bature ya zagaya da ni bayan wani bene, muka sami wata mata 'yar Damagaram da manyan kuloli, tuwon shinkafa da miyar kuka har da man shanu. Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne rufe shaguna. Ana kiran salla sai ka ji ƙarar ƙofofin ƙarfe ko'ina, mai shago ya kore ka ko da kayan suna hannunka. A Funtuwa maƙwabci ake ce wa ya duba maka, ciniki bai tsaya ba.

A wurin mai tuwon na fara cigiya. Ta tura ni wurin wani tela Bamaraɗe, Laminu, wanda ya shekara ashirin a garin da iƙama, wato takardar izinin zama. Na ce ina neman Idi maƙeri, mutumin ƙasar Katsina, tsohon soja.

"Nan ba wanda zai san Idi," in ji shi. "In dai tsohon da ke gyaran risho da butoci ne a tsohuwar unguwar mutanenmu, Idris Haddad ake ce masa, wato maƙeri. An rushe unguwar. Bari in tambaya."

Ya yi waya uku, rabi Hausa rabi Larabci, ƙafarsa ba ta bar keken ɗinki ba. Ya rubuta mini lamba a bayan wani ƙyalle. Ya ce tsohon yana nan da rai, yana Ka'akiyya wurin ɗansa Abdallah.

Washegari bayan azahar na hau tasi. Ka'akiyya can gefen gari take, haya ta fi sauƙi, gidaje a jikin duwatsu. Abdallah ya tare ni a bakin titi, mutum mai kamar shekara hamsin da 'yan kai, da farar jallabiya. Na miƙa hannu, ya jawo ni ya sumbace ni a kumatu dama da hagu, na tsaya ƙiƙam kamar an dasa ni. Hausarsa tana tafiya tana tuntuɓe.

"Ahlan, ɗan ammati, ɗan gwaggo. Ka zo lafiya? Yalla, mu shiga, rana katir, da yawa."

A ɗakin baƙi ya yi ta zuba mini gahawa a wani ɗan kofi kamar murfin kwalba. Ina shanyewa ya ƙara. A gida in an ba ka abu ka shanye ka kyauta, don haka na yi ta kyautawa har kofi bakwai, zuciyata ta fara bugawa. Sai ya yi dariya ya nuna mini yadda ake girgiza kofin in an ƙoshi.

Kafin ya kai ni wurin tsohon ya rage murya. Ya ce babban ɗansa Faisal soja ne, yanzu haka yana kan iyaka ta kudu inda ake yaƙi. Sun gaya wa tsohon aikin ofis yake yi a Riyad. "Abuya ba ya son silahi, makami. Ko wuƙar layya bai taɓa wasa wa mutum ba. Don Allah kar ka ambata."

Kawu Idi yana zaune a kan katifa a ƙasa, ya jingina da bango. Ɗan ƙaramin tsoho ne, ya haura casa'in, amma hannuwansa manya ne, duk tabon wuta. Kunnensa na hagu ya mutu tun a Bama, na dama kuma sai an ɗaga murya sosai. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce ɗan wa? Na ce ɗan Dije, sunan Inna ke nan.

"Dije mai kuka?" Ya kama fuskata da hannu biyu ya juya ta wajen haske. "Goshin Baba ne. Zauna."

Hausarsa ta fi ta ɗansa nesa ba kusa ba, sai dai tsohuwa ce, irin wadda na ji a bakin kakanni. Har yanzu sule da taro yake cewa.

Aka shimfiɗa leda a ƙasa, aka kawo babban faranti na shinkafa da naman rago. Talabijin tana kunne, ana nuna jiragen yaƙi suna tashi, Abdallah ya yi sauri ya kashe. Tsohon ya tambaye ni sana'ata. Na ce tarihi na koyar a sakandare. Ya ce a cikin tarihin akwai yaƙinsu? Na ce akwai, har da abin da ya kawo shi. Ya ce to in faɗa masa, don shi an kai shi ne kawai, ba a yi masa bayani ba.

Sai na sami kaina ina ba da darasin da na bayar sau ba adadi, amma wannan karon da ihu, da shinkafa a hannu. Na ce bayan yaƙin duniya na farko an hana Jamus tara makamai, ta koma tana tarawa a ɓoye, daga baya a fili. Maƙwabtanta suka tsorata su ma suka shiga ƙera nasu, kowa yana cewa don kare kai ne. Bayan yaƙi na biyu aka sake ƙwace na Jamus, amma ba a fi shekara goma ba waɗanda suka ƙwace suka ce ta sake ɗauka, don tsoron Rasha.

Ya saurara har na gama. Ya ce, "To haka ne a takarda. Bari ka ji yadda ya zo mana." Ya ce yana yaro Turawa suka hana ƙera bindiga, dogarai suka zo maƙerarsu suka kwashe abin da suka samu, mahaifinsu ya koma yi a ɓoye cikin rumbu. Ana nan sai ga dogaran nan sun dawo, wannan karon ƙarfe suke nema, tsohuwar garma, karyayyen gatari, wai Sarkin Ingila zai yi yaƙi. Da suka gama da ƙarfe suka ce a ba su maƙeran.

"Ni ban harbi kowa ba," in ji shi. "Gyara nake yi. A kawo bindiga ta ƙi tashi, in gyara, a mayar. Wata a kawo ta da jinin mai ita a jiki, in wanke, a ba wani. Da aka ce yaƙi ya ƙare sai aka tara mu aka ce mu lalata. Wata biyu muna lanƙwasa bakin bindiga da guduma. Na yi murna, wallahi na yi murna. Na ce duniya ta yi hankali. Ranar da za mu hau jirgin ruwa, a bakin tashar, sai ga akwatuna ana saukewa, sababbi, da maiƙonsu. Na tambayi sajenmu, wani Baturen Ingila, na ce waɗannan fa? Ya ce waɗanda muka fasa sun tsufa ne."

Ya ɗebi shinkafa ya riƙe bai kai baki ba. Ya ce da ya dawo gida mahaifinsu ya ce ya koya musu irin ƙirar Turawa, su daina yin ta ɗure. Ya ce shi ya gama da bindiga, zai ƙera garma da lauje. Mahaifin ya ce wanda ya ƙi sana'ar gidan nan ya bar gidan nan. Shi kuma ya ɗauki maganar yadda aka faɗe ta.

Sannan ya tambaye ni ko maƙerar tana nan. Na so in kauce, ban ga hanya ba. Na ce tana nan, jikokin Kawu Mamman, babban wansu, ke riƙe da ita. Da ta kusa mutuwa, amma tun da ɓarayin shanu suka addabi yankin aiki ya dawo, 'yan banga layi suke yi. Sai dai na ɓarayin sun fi ƙarfi, don haka ƙauyuka sun fara neman irin nasu.

"Su ma za su nemo wadda ta fi," in ji shi. Ya juya wajen ɗansa. "Kai kuma ka daina kashe akwatin nan. Na san inda Faisal yake. Kunnena ne ya mutu, hancina yana nan. Ranar da ya zo sallama ya sumbaci kaina, na ji warin man bindiga a hannunsa."

Abdallah ya sunkuyar da kai. Tsohon ya ce a miƙo masa ruwa.

Bayan la'asar na ce ina da saƙon Inna, kuma ta ce shi kaɗai. Abdallah ya fita ya ja ƙofa. Na matsa kusa da kunnen dama na faɗa a hankali. Ya ce me? Na ƙara murya. Ya ce bai ji ba. A ƙarshe maganar da Inna ta ɓoye shekara hamsin sai da na faɗe ta da ƙarfin da ake kiran mutum daga gona, duk gidan suna ji, wataƙila har maƙwabta.

Ga maganar. Bayan tafiyarsa da shekaru, aka yi rigimar siyasa a ƙauyen, aka harbe ɗan maƙwabcinsu da bindigar da mahaifinsu ya ƙera da hannunsa. Tun daga ranar bai sake shiga maƙera ba. Da ciwon ajali ya kama shi, Inna ce ke jinyarsa, ya ce mata, "Idi ya fi ni gani. A aika masa ya dawo, na yafe, shi ma ya yafe mini." Inna ta gaya wa Kawu Mamman. Shi kuwa ya san in Idi ya dawo da wannan magana maƙerar bindiga ta rufe, sai ya sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba muddin yana raye. Alhazai suka yi ta zuwa suna dawowa, tana aiko da gaisuwa, ba ta aiko da wannan ba. Kawu Mamman ya rasu bara waccan.

Tsohon ya daɗe bai ce komai ba. Yana ta shafa gwiwarsa da tafin hannu. Can ya ce, "Baba ya faɗi haka?" Na ce haka Inna ta ce. Ya ce, "Allah Ya jiƙansa. Allah Ya jiƙan Mamman." Ya sake yin shiru. Sannan ya ce, "Ka gaya wa Dije kar ta sa wa ranta komai. Ko ta aiko a lokacin ba zan koma ba. Na riga na yi iyali, na yi sana'a. Ka ce mata ba ta hana ni komai ba."

Na ce ko a kira ta a waya? Ya ce waya ba ta shiga kunnensa, ba ya son ya yi ta magana shi kaɗai kamar mahaukaci.

Da zan tafi, ina sa takalmi a soro, sai na ji muryar mace daga bayan labule. Maryam ce, babbar 'yarsa. Ni da ita taubasai ne, da a gida ne da tuni ta tare ni da tsokana ta ce in biya kuɗin shara. A nan ko fuskarta ban gani ba. Hausarta ta fi ta ƙanenta.

"Ɗan'uwa, mun ji abin da ka faɗa. Muna yara Abuya yana da wani akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, da kayansa a ciki a ɗaure, da turmin atamfa da ya ce na Dije ne. Duk shekara in alhazan Nijeriya sun iso sai ya rufe shago ya bi masaukansu yana tambaya ko an ba da saƙo daga gida. In sun tafi ya dawo ya yi kwana biyu ba ya cin abinci. Sai da mahaifiyarmu ta rasu ya kwance akwatin. Na ga ya kamata wani daga can ya sani."

Na koma gidan sau biyu kafin mu taso. Bai sake tayar da zancen ba, ni ma haka. Ya tambaye ni rijiyar bakin kasuwa, da wata tsamiya, da mutanen da duk sun mutu. Ranar sallama ya ba ni wata 'yar butar shayi ta jan ƙarfe, ƙirarsa ta ƙarshe kafin idonsa ya raunana, ya ce in kai wa Dije.

A jirgin dawowa Alhaji Bature ya yi ta barci, ni kuma ina ta juya abin da zan faɗa. Kafin mu sauka Kano na yanke shawara. An aike ni wurin mutum ɗaya, amsar mutum ɗaya zan kai.

Na isa ƙauye, inda Inna take zaune, da yamma. Inna ta bari aka gama gaishe-gaishe, aka raba dabino da zamzam, sannan ta kira ni ɗaki. Na ba ta butar. Na ce yana raye, da 'ya'ya da jikoki, ya ji saƙo, ya yi wa Baba da Kawu Mamman addu'a. Na faɗa mata amsarsa kalma da kalma, cewa ko ta aika a lokacin ba zai dawo ba, ba ta hana shi komai ba.

Ta riƙe butar a cinya tana duban gindinta, inda guduma ta bar sawu.

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce, Inna."

"Ya daɗe kafin ya faɗa?"

Na ce ya ɗan daɗe.

Ta gyaɗa kai. "To da ya dawo ke nan. Idi in gaskiya zai faɗa ba ya tsayawa tunani." Ta goge ido da bakin mayafi, ta miƙo mini butar. "Ba su su wanke ta, a dafa mini shayi a ciki."